Sharhi: Tsoka na da murya, ya kamata Abuja ta saurara

 Sharhinmu na yau daga nan Abuja zai taɓo wani fanni na kimiyyar lafiya da ba kasafai ake jin sa a bakin mutane ba, alhali kowannenmu yana ɗauke da shi a jikinsa dare da rana. Magana ce a kan ƙarar da tsoka ke yi idan ta kama aiki, da yadda masana ke auna wannan ƙara, da kuma amfanin da marasa lafiyarmu za su iya samu idan muka ba wa fannin muhimmanci.

Gani ya kori ji, don haka bari mu fara da ɗan gwaji. Duk wanda ba tuƙi yake yi ba, kuma hannunsa ba ya riƙe da komai, ya toshe kunnuwansa biyu da manyan yatsunsa a hankali, sannan ya dunƙule sauran yatsun da ƙarfi. Zai ji wani rugugi can ƙasa-ƙasa. Idan ya sassauta hannun, rugugin zai ragu. Idan ya ƙara matsewa, zai ƙaru. Da yawa kan ɗauka gudun jini ne suke ji. A gaskiya tsokokin hannu ne suke girgiza, girgizar ta bi ta ƙashi da yatsa har ta iso kunne.

Wannan al'amari ya daɗe da jan hankalin masana. Wani malamin coci kuma masanin kimiyya ɗan ƙasar Italiya, Francesco Maria Grimaldi, ya ambaci wannan rugugi a littafinsa da aka buga a 1665, bayan rasuwarsa. A 1810 kuma wani likita ɗan Ingila, William Hyde Wollaston, ya wallafa bincikensa a kan batun. Ya ce ƙarar ta yi kama da ta kekunan doki da ke gudu a kan titin duwatsu daga nesa, ya kuma ƙiyasta cewa girgizar tana maimaituwa sau 20 zuwa 30 a kowace daƙiƙa. Abin mamaki shi ne, ba shi da wata na'urar lantarki, kunnensa kawai da dabararsa, amma da aka zo aka auna da kayan zamani sai aka tarar lissafinsa ya yi kusa da daidai. A 1980 wasu masana biyu a Amurka, Oster da Jaffe, suka ɗora makirfo a kan tsokar mutane, suka samu girgizar da ta fi ƙarfi a wajen sau 25 a daƙiƙa.

To me ya sa aka yi shekara 170 tsakanin binciken Wollaston da na Oster da Jaffe ba tare da fannin ya yi wani ci gaba na a zo a gani ba? Dalili na farko yana ga kunnen ɗan Adam. Kunnenmu ba ya jin sautin da girgizarsa ta gaza sau 20 a daƙiƙa, ke nan muryar tsoka tana bakin iyakar abin da muke iya ji. Dalili na biyu shi ne hankalin likitoci ya koma wani ɓangare. Tun da Luigi Galvani ya nuna a 1791 cewa lantarki na motsa ƙafar kwaɗo, sai aka duƙufa kan auna lantarkin da ke cikin tsoka. Daga nan aka samu awon da ake kira EMG, wanda ake liƙa ƙananan faifan ƙarfe a fata ko a soka siririyar allura a tsoka don a karanta saƙon da jijiya ta aiko. Awon girgiza kuwa, wanda masana suka raɗa wa suna mekanomayogirafi, ko MMG a taƙaice, sai da ƙananan na'urori masu kaifin ji da kwamfuta suka wadata sannan ya farfaɗo. Masanin Italiya Claudio Orizio na Jami'ar Brescia yana cikin waɗanda suka tsaya masa, kuma dogon nazarin da ya wallafa a 1993 ya zama tushe ga masu bincike da dama.

Yanzu bari mu duba daga ina ƙarar ke fitowa. Jikin mutum yana da tsokoki sama da 600 da ke motsa gaɓoɓi. Kowace tsoka tarin ƙananan zaruruwa ce, dubu bisa dubu. Ƙwaƙwalwa ba ta umartar su gaba ɗaya a lokaci guda. Rukuni-rukuni take kiran su. Ƙwayar jijiya guda a cikin laka tana riƙe da rukuninta. A tsokokin da ke juya ido, rukunin zaruruwa ƙalilan ne, saboda aikin na buƙatar natsuwa. A tsokar ƙafa kuwa, ƙwayar jijiya ɗaya kan riƙe zare sama da 1,000. Duk lokacin da saƙo ya iso, zaruruwan rukunin sukan tsuke, su gajarta. Tun a ƙarni na 17 wani masanin Holan, Jan Swammerdam, ya nuna cewa tsoka ba ta ƙara girma idan ta tsuke. Abin da ta rasa a tsawo shi take mayarwa a kauri. Shi ya sa damtse ke tasowa idan an lanƙwasa hannu. Wannan kumburi da saɓewa, da ke faruwa sau da dama a kowace daƙiƙa a rukunoni masu yawa, shi ke tura naman da ke kewaye, ya iso fata a matsayin girgiza.

A nan ne bambancin awon biyu yake. EMG yana faɗa wa likita cewa umarni ya iso tsoka. MMG yana faɗa masa abin da tsokar ta aikata da umarnin. Akwai lokacin da jijiya ke ta aiko da saƙo amma tsokar ta gaji, ko ta rame, ko cuta ta cinye ta, ta kasa ba da ƙarfin da ake nema. Wanda ya haɗa awon biyu yana da damar gano inda matsalar take, a saƙon ko a mai karɓar saƙon.

Yadda ake awon ba shi da wahalar fahimta. Ana samun ƙaramar na'ura mai jin motsi, a liƙa ta a kan tsakiyar tsoka, inda naman ya fi kauri. Irin wannan na'ura tana cikin kusan kowace wayar hannu ta zamani. Ita ce ke sa hoton fuskar waya ya juya idan an karkata ta. Wasu masu binciken makirfo suke amfani da shi, wasu kuma hasken leza da ke auna tasowar fata ba tare da ya taɓa ta ba. Dole na'urar ta zama marar nauyi, giram kaɗan, domin mai nauyi za ta danne girgizar da ake nema. Kwamfuta kan karanta abin da na'urar ta ji, galibi sau 1,000 a daƙiƙa ko fiye. Daga nan sai a tace. A zubar da girgizar da ta gaza wajen sau 5 a daƙiƙa, domin yawanci motsin gaɓar ne gaba ɗaya, a kuma zubar da wadda ta haura sau 100, domin yawanci hayaniya ce. Abin da ya rage a tsakiya shi ne muryar tsoka.

Abu biyu ake dubawa a wannan murya: ƙarfinta da saurinta. Ƙarfin girgizar yana ƙaruwa yayin da ƙwaƙwalwa ke ƙara kiran rukunonin zaruruwa. A manyan tsokoki irin na damtse da cinya, bincike ya nuna yakan ci gaba da hawa har mutum ya kai wajen kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na iyakar ƙarfinsa, daga nan ya tsaya ko ma ya ɗan sauka. Dalili shi ne a wannan mataki saƙonni suna zuwa da sauri ƙwarai, zaruruwan ba sa samun damar saki tsakanin saƙo da saƙo, tsokar ta ƙage. Saurin girgizar kuma yana ba da haske kan yadda jijiyoyi ke aiko da saƙo. Don a raba sautin zuwa sassansa, ana amfani da lissafin da masanin Faransa Joseph Fourier ya wallafa a 1822, wanda yau kwamfutar ɗalibi ke gamawa kafin ƙiftawar ido.

Auna abu daban, fahimtarsa daban. Shi ya sa masana ke gina abin da za mu kira kwaikwayon tsoka a lissafi. Sukan rubuta ƙa'idojin da ke bayyana nauyin tsokar, da taurinta, da yadda fata da kitse ke shanye girgiza, sannan su sa kwamfuta ta yi hasashen irin sautin da ya kamata ya fito. Idan hasashen ya dace da abin da aka auna a jikin mutum, an kama hanya. Idan bai dace ba, a koma a gyara ƙa'idojin. Bahaushe ba zai sha wahalar gane tushen wannan lissafi ba, domin ya san kalangu. Makaɗi na matse igiyoyin a hammatarsa, fatar ta ɗame, sautin ya yi sama. Ya sassauta, sautin ya sauko. Haka tsoka take. Iya taurinta, iya saurin girgizar da ta fi dacewa da ita. Wani likita kuma injiniya a Jami'ar Michigan ta Amurka, Daniel Barry, wanda daga baya ya zama ɗan sama-jannati, ya nuna wannan a gwaje-gwajen da ya yi da tsokar kwaɗo. Amfanin kwaikwayon shi ne a bi sawun a juye: daga sautin da aka ji a fata, a ƙiyasta ƙarfin da tsokar ke bayarwa a ciki, ba tare da an tsaga ko an soka allura ba.

Masu sauraro za su ce, to mu a Abuja ina ruwanmu da wannan? Ruwanmu babba ne, kuma yana ɗakin gashi na asibitocinmu. Duk wanda ya taɓa raka mai shanyewar ɓarin jiki wurin likitan gashi ya ga yadda ake gwada ƙarfinsa. Likita zai ce, Baba ɗaga hannunka, ko Mama turo ƙafarki, ya tare da nasa hannun, ya ji ƙarfin, ya rubuta maki daga sifiri zuwa 5. Sifiri, babu motsi ko kaɗan. 1, ana ganin tsokar tana ɗan motsi amma gaɓar ba ta tashi. 3, gaɓar na iya tashi da kanta amma ba ta jure turi. 5, ƙarfi cikakke. Wannan ma'auni ya fito ne daga Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, don duba sojojin da suka ji rauni a jijiya, kuma har yau ana amfani da shi a ko'ina a duniya. Ma'auni ne mai albarka, ba ya buƙatar wuta ko na'ura. Sai dai matakansa shida ne kacal, kuma ya dogara ga hannun mai gwadawa. Maki 4 shi kaɗai ya ƙunshi mutumin da ya fara samun ƙarfi da wanda ya kusa warkewa. Majinyaci kan yi makonni yana samun sauƙi, amma makin da ke katinsa bai canza ba.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga iyalin da ke ɗauko mara lafiya daga Bwari ko Kuje ko Mararraba zuwa Babban Asibitin Ƙasa, ko daga Kwali da Abaji zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada. Kowane zuwa kuɗin mota ne, kuɗin kati ne, da yini guda na wanda ya bar sana'arsa ya yi rakiya. Idan aka ɗauki lokaci iyali ba su ga alamar ci gaba ba, guiwa kan yi sanyi, a daina zuwa, gaɓar ta sandare. Da za a iya nuna wa mara lafiya a fuskar waya cewa tsokar cinyarsa ta fi ta makon jiya amsawa, ko da ido bai gani ba tukuna, da an ƙarfafa masa zuciya da hujja. Shi ma likitan zai san ko motsa jikin da ya tsara yana aiki ko yana buƙatar sauyi. Kuma masu buƙatar wannan kulawa ba kaɗan ba ne. Babban binciken da aka yi kan shanyewar ɓarin jiki a Nijeriya da Ghana, mai suna SIREN, wanda asibitocin koyarwa na Kano da Zariya ke cikinsa, ya tabbatar da cewa hawan jini ne kan gaba wajen jawo cutar, ga shi kuwa hawan jini ya zama ruwan dare a gidajenmu.

Bayan masu shanyewar ɓarin jiki, rukuni na biyu su ne waɗanda haɗarin mota ko faɗuwa ta taɓa musu laka. Manyan hanyoyin da suka shigo Abuja, ta Lokoja da ta Kaduna da ta Keffi, ba sa rabuwa da haɗari, kuma a 2014 aka buɗe cibiyar kula da masu munanan raunuka a Babban Asibitin Ƙasa. Wanda lakarsa ta yanke, tsokokin ƙafarsa suna nan da rai, saƙon ƙwaƙwalwa ne ba ya isa gare su. Akwai hanyar da ake motsa su da ɗan lantarki ta kan fata, don kada su rame, don jini ya zagaya, wasu ma har su iya tsayuwa na ɗan lokaci ko su taka keken motsa jiki. Matsalar ita ce tsokar da lantarki ke motsawa tana saurin gajiya, shi kuwa mara lafiyar ba ya jin ta, balle ya ce a dakata. Idan aka ce a auna gajiyar da EMG, lantarkin da ake turawa yakan rufe ɗan siririn lantarkin tsokar. Awon girgiza ba ruwansa da wannan cikas, tunda motsi yake ji. A nan akwai abin alfahari. Wani injiniya ɗan Nijeriya na Jami'ar Ilorin, Morufu Olusola Ibitoye, tare da abokan aikinsa na Jami'ar Malaya ta ƙasar Malesiya, sun wallafa nazari a kan MMG a 2014, sun kuma yi bincike kan amfani da shi wajen gane gajiyar tsoka a jikin masu raunin laka. Ke nan ilimin yana hannun 'yan ƙasarmu.

Rukuni na uku su ne waɗanda aka yanke wa hannu. Hannun roba na zamani, mai buɗewa da rufewa da batir, yana karɓar umarni ne daga ragowar tsokar dungu. Galibinsu da lantarkin tsoka suke aiki, wanda ke buƙatar faifan ƙarfe ya manne da fata sosai. Gumi na dagula wannan mannewa, bushewar fata ma haka. Mu kuwa a nan muna da duka biyun, zafin watan Maris da Afrilu mai jiƙa riga, da hunturun da ke busar da fata har ta yi fari. Na'urar jin girgiza ba ta dogara da laimar fata ba. Tun a 1986 Daniel Barry da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙarar tsoka na iya sarrafa hannun roba, kuma a farkon shekarun 2000 wasu masana a Toronto ta ƙasar Kanada, Jorge Silva da Tom Chau, suka haɗa makirfo da na'urar jin motsi wuri guda, don ɗaya ta ji tsoka, ɗaya ta gane jijjigar waje a cire ta. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa tun 1959, ya daɗe yana haɗa wa mutane ƙafa da hannun roba. Gwanintar hannu muna da ita. Abin da ya rage shi ne a haɗa ta da gwanintar injiniyoyin lantarki.

Kada kuma mu manta da 'yan'uwanmu da shan-inna ta taɓa. A ranar 25 ga Agusta 2020 aka ayyana nahiyar Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar cutar shan-inna ta asali, bayan da aka ga ta ƙarshe a Jihar Borno a 2016. Wannan nasara ce babba. Amma waɗanda cutar ta riga ta nakasa suna nan tare da mu, a Kano da Katsina da Sakkwato, da nan Abuja a unguwar Karon Majigi da ke kan hanyar filin jirgin sama. Likitoci sun san cewa shekara 15 zuwa 40 bayan cutar, wasu daga cikinsu kan sake fuskantar sabon rauni da gajiya a tsoka, domin ƙwayoyin jijiyar da suka tsira sun daɗe suna ɗauke da aikin waɗanda suka mutu. Irin wannan rauni a hankali yake shigowa. Awo mai sauƙi da za a riƙa maimaitawa lokaci-lokaci zai taimaka a lura da shi da wuri.

Gaskiya ɗaya ce, kuma wajibi ne a faɗe ta. Awon girgizar tsoka bai zama kayan aikin yau da kullum a asibiti ba, ko a ƙasashen da suka ci gaba. Mafi yawansa har yanzu a ɗakunan bincike yake, kuma akwai dalilai. Na'urar tana jin duk abin da ya motsa, takun mai wucewa, jijjigar janareta, rawar gado. Kitsen da ke ƙarƙashin fata yana rage girgizar, don haka mai jiki da siriri ba za su ba da lamba ɗaya ba ko da ƙarfinsu ɗaya ne. Idan aka ɗan gusa da na'urar daga inda aka liƙa ta jiya, sakamakon na iya canzawa. Masu bincike ba su gama daidaita kansu a kan hanya guda ta awo ba. Sannan ba zai maye gurbin EMG ba wajen gano cututtukan jijiya, haka ba zai maye gurbin hannun likitan gashi da idonsa ba. Amma wani ɗan'uwansa na kusa ya riga ya samu gindin zama a ɗakin tiyata. Likitocin sa barci kan ɗaura na'urar jin motsi a babban yatsan mara lafiya, su motsa jijiyar hannu sau huɗu a jere, su ga ko maganin sakin tsoka ya gama fita kafin a cire masa bututun numfashi. Wannan ya nuna cewa idan aka daidaita hanya, irin wannan awo na iya tsare rai.

A ganina, wannan giɓi da ya rage shi ne ma dalilin da ya sa ya kamata mu shiga yanzu. Akwai fannonin kimiyya da shigarsu ke buƙatar na'urar biliyoyin naira. Wannan ba ya cikinsu. Na'urar jin motsi, da ƙaramin allon lantarki, da kwamfutar tafi-da-gidanka sun isa a fara. Matasan da ke gyaran waya a Banex da ke Wuse suna cirewa da mayar da irin waɗannan ƙananan kaya kullum. Abin da ke da tsada a fannin shi ne haƙuri, da tsari, da tattara bayanai masu inganci. Kuma bayanan dole su zama namu. Mafi yawan alƙaluman da ake da su an samo su ne daga Turai da Amurka da Asiya. Kwaikwayon lissafin da aka gina a kan jikin ɗalibin wata jami'a a can ba lallai ya dace da manomin Kwali da ya shekara 40 yana riƙe da fartanya ba, ko da uwar da ciwon suga ya ramar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan ba mu auna mutanenmu ba, wata rana za a sayar mana da na'urar da aka daidaita da jikin wasu, mu biya da dala.

Abuja ta fi kowane gari dacewa da wannan aiki, domin duk masu ruwa da tsaki suna nan. Hukumar NASENI, mai kula da bunƙasa kimiyya da ƙere-ƙere, tana Idu. Cibiyar kimiyya da fasaha ta Sheda tana kan hanyar Lokoja. Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka tana Galadimawa, ga Jami'ar Abuja da asibitin koyarwarta. Asusun TETFund, mai ba wa manyan makarantu kuɗin bincike, hedikwatarsa tana nan. Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman, wadda aka kafa a 2020 bisa dokar hana nuna musu wariya da aka sanya wa hannu a Janairun 2019, ita ma tana nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Injiniya ya iya haɗa na'ura amma bai san abin da likitan gashi ke nema a gefen gado ba. Likitan ya san buƙatar amma ba aikinsa ba ne rubuta manhaja. Mara lafiya kuwa shi ne zai faɗa ko na'urar tana damun fatarsa, ko zai iya ɗaura ta da hannu ɗaya.

Don haka kiranmu na farko ga masu raba kuɗin bincike ne. A ware tallafi ga ayyukan da suka haɗa sashen injiniya da sashen gashi a teburi ɗaya, a kuma sa sharaɗin cewa za a gwada abin da aka ƙera a kan buƙatar asibiti ta zahiri. Kira na biyu ga malaman jami'a, a Abuja da Zariya da Kano da Ilorin. A ba ɗalibai irin wannan aiki a shekararsu ta ƙarshe, a fara da mataki mai sauƙi, wato tattara awon tsokar masu lafiya, maza da mata, matasa da dattawa, don a san yadda lambar lafiyayyen ɗan Nijeriya take. Kira na uku ga masu kula da ƙa'ida. Kada a ɗora na'ura a jikin kowa sai kwamitin ɗa'ar bincike ya amince, sai an yi wa mutum bayani da harshen da yake ji ya kuma yarda, sannan a tsare bayanansa kamar yadda dokar kare bayanai ta 2023 ta tanada. Talaka da mai nakasa ba kayan gwaji ba ne, abokan aiki ne da ya kamata su fara cin moriyar abin da aka gano.

Ku kuma masu sauraro, ga jan kunne. Duk lokacin da aka yi maganar sabuwar fasaha, 'yan damfara kan biyo baya. Idan wani ya zo muku da akwati mai fitilu ya ce ku riƙe ƙarfe zai karanta muku cututtukan jikinku duka, sannan ya sayar muku da magani, ku kama aljihunku. Awon da muka yi bayani ba magani ba ne, kuma ba ya gano kowace cuta. Ma'auni ne na aikin tsoka, a hannun wanda ya karanci fannin. Likitan gashi na gaskiya yana da rajista da hukumar da ke kula da masu wannan sana'a, wadda aka kafa tun 1988, kuma haƙƙinku ne ku tambaya.

Kafin na'urar ta iso, abin da ke hannunmu ma ba kaɗan ba ne. Ku riƙa auna hawan jini, mai shan magani kada ya daina don ya ji sauƙi. Wanda kuka ga bakinsa ya karkace, ko hannunsa ya saki, ko maganarsa ta sarƙe farat ɗaya, ku garzaya da shi asibiti nan take, kada a tsaya jiran gobe. Wanda ya yi haɗari ana zargin wuyansa ko bayansa ya taɓu, kada a ciccibe shi yadda aka ga dama. Wanda kuma aka rubuta wa gashi, ya daure ya ci gaba da zuwa, ya riƙa yin motsa jikin da aka koya masa a gida, domin tsokar da aka bari ba aiki ramewa take yi. Hukumomin da muka ambata kuwa, alhakin fara wannan bincike yana wuyansu, kuma marasa lafiyarmu sun cancanci a fara shi a bana.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu na gida da na asibiti sauƙi, Ya saka wa masu jinyarsu da alheri.